Matar da Ke Kiran Baba Nkweto

Ranar da na fara aiki a kamfanin wutar garinmu, Chibolwe, mutumin farko da ya zage ni shi ne Baba Nkweto. Injiniya Siame, shugaban sashenmu, ya shigar da ni ɗakin sarrafa wuta, ya ce ga Mwanida Jere, ita za ta riƙa kula da tsaron kwamfutocinmu. Sai wani dattijo mai furfura ya juyo da kujerarsa, ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Jere? 'Yar gabas ce ke nan. To Injiniya, ka kyauta. Ɓerayen da ke cinye mana wayoyi a ɗakin nan sun shiga uku, an kawo mai cinye su."

Na ce, "Shikulu, gara mu, ɓera a ƙasa yake. Ku Bemba da kuke bin biri har kan bishiya da tukunya a hannu fa?"

Ɗakin ya kaure da dariya, shi kuwa har da buga tebur. Wasa tsakanin ƙabilarmu ta Ngoni da ta Bemba gado ne, suna ce mana masu cin ɓera, muna ce musu masu cin biri, ko a gidan makoki muka haɗu sai mun yi. Daga ranar ya daina kiran sunana, sai dai mbuya, abokiyar wasa, ni kuma na ci gaba da ce masa Shikulu kamar yadda ake kiran kakanni, duk da yana cewa ai shi saurayi ne, furfurar ta gado ce.

Kamfaninmu ba babba ba ne. Muna da gonar farantan hasken rana a bayan tsohon ramin haƙar tagulla, da ɗan madatsin ruwa a gabas, da 'yan tashoshin rarraba wuta a unguwanni. Amma komai namu sabo ne. Mitar kowane gida tana magana da ofis da kanta. Daga kujerar Baba Nkweto mutum zai iya kashe wutar unguwa guda, ko ya kunna, ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Wannan shi ne abin alfaharin kamfanin, shi ne kuma abin da ke hana ni sakewa, don duk abin da za a iya yi daga kujera, wani ma zai iya yinsa daga kujerarsa a wata duniyar, in dai ya samu hanya.

Ba a ƙaunata sosai a ofis. Ni ce mai tilasta wa mutane canza kalmar sirri, ni ce mai hana sa waya caji a jikin kwamfuta. Akwai kuma wata kafa da kamfanin waje da ya girka mana na'urorin ya bari a buɗe, don su riƙa gyara daga ƙasarsu in wani abu ya lalace. Na sha yi wa Injiniya Siame magana a rufe ta, a riƙa buɗewa sai lokacin da ake bukata. Yakan ce ya ji, amma sai an sabunta yarjejeniya da su, na yi haƙuri zuwa bayan damina.

Baba Nkweto ne kaɗai ba ya yi mini gunaguni. Tun zamanin da ake hawa falwaya da igiya yake aikin wuta, amma ya koyi kwamfuta da girmansa, da yatsa ɗaya yake danna ta, a hankali, bai kuma taɓa kashe layin da ba shi aka ce ba. Matarsa ta rasu kafin in zo. Ita ce ke jagorantar mawaƙan cocinsu, mutane suna cewa in ta ɗaga murya har 'yan kasuwa sukan tsaya. 'Yarsu ɗaya, Chansa, ma'aikaciyar jinya ce a birnin Ndola. Shi kaɗai yake zaune a gidan, kuma kowa ya san ba ya girki. Da rana in muna cin nshima, tuwon masararmu, da ƙananan kifin kapenta a rumfar bayan ofis, shi shayi da biskit yake sha, sai na matsa masa kafin ya sa hannu a kwanona, yana cewa bari ya duba tukuna ko akwai wutsiya a ciki.

Sai kawai muka ga dattijo ya canza. Furfurar ta koma baƙa wuluk cikin kwana ɗaya. Ya sayi sabuwar riga mai ruwan sama, ya fara shigowa ɗaki da ƙamshin turare. Direbobinmu suka sa shi gaba da tsiya, yana dariya yana kaɗa kai. Ni ya gaya wa, wata rana a rumfar, bayan ya waiga ya tabbatar ba kowa.

"Mbuya, in na gaya miki magana za ta zauna a cikinki, ko sai ta isa Chipata can gabas ɗinku kafin yamma?"

"Faɗi, Shikulu. Wace mai ƙarancin rabo ce?"

Sunanta Namakau, ya ce, 'yar ƙabilar Lozi ce, tana aikin jinya a Gaborone ta ƙasar Botswana, mijinta ya rasu. A wani zauren masu son waƙoƙin coci na waya suka haɗu. Ya sa wata tsohuwar waƙa da marigayiya ke yi, ita kuma ta rubuto masa ta ce waƙar ta sa ta kuka. Daga nan hira ta fara. Kullum da safe kafin ya fito sai ta kira shi, ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jini, ko ya karya. Ya nuna mini hotonta: mace mai cikar fuska, da wushirya, sanye da farin kaya.

Aikina ya sa na tambaye shi ko ta taɓa neman kuɗi a wurinsa.

Ya ɓata rai. "Kin ji ku 'yan boko. Ni da kaina na ce zan aika mata abin sayen zane, ta ce in na sake wannan maganar za ta daina ɗaga wayata. Ba kowa ne mayunwaci ba, mbuya."

Na ce to Allah Ya sa alheri, amma ranar biki ni ce mai karɓar kuɗin wasa, kuma ba zan yi ragi ba. Wajen wata shida suna haka. Ya yi ƙiba, ya koma zuwa coci, har ya fara dafa wake da kansa don ta ce biskit ba abinci ba ne.

Abin ya faru wata Asabar da hantsi, cikin sanyin Yuni, don mu a nan lokacin ne hunturu. Ina kasuwa ina cinikin tumatir, sai injin niƙa ya yi shiru, rediyon masu sayar da kaya suka mutu gaba ɗaya. Ba wanda ya damu, wuta takan ɗauke. Sai wayata ta yi ƙara. Baba Nkweto ne, shi ke bakin aiki ranar, amma muryar kamar ba tasa ba.

"Mbuya, kibiyar kwamfutar nan tafiya take da kanta. Hannuna ba ya kai. Tana kashe layuka ɗaya bayan ɗaya, in na kunna sai ta sake kashewa."

Na saki ledar tumatir. Na ce ya zagaya bayan baƙin akwatin da ke jikin bango, zai ga wata waya rawaya, ya fizge ta ko da za ta tsinke. Ina jin numfashinsa da ƙarar kujera ta faɗi, sannan ya ce ya cire. Wannan wayar ce ta haɗa ɗakin da duniyar waje. Cire ta ya kore su, amma sun riga sun gama abin da suka zo yi.

Da na isa, duk allunan sun yi baƙi, sai wani rubutu da Turanci a tsakiya, wai in muna son wutarmu mu biya su. Injiniya Siame ya shigo da takalmin gona, taɓo har gwiwa. Bai ɓata lokaci ba. Ya ce ba mai biyan kowa, ya ɗauki rediyon oba-oba ya fara tara ma'aikatan layi. Sau biyu a shekara muna gwajin yadda za a kunna tashoshi da hannu in kwamfuta ta mutu, gwajin da kowa ke ganin ɓata lokaci ne. Ranar kowa ya san inda zai je. Motoci suka bazu. Asibiti da famfunan ruwa aka fara ba wa, kafin la'asar sun samu. Sauran unguwanni suka biyo baya kafin faɗuwar rana. Baba Nkweto na tsaye da rediyo a hannu yana faɗa wa kowace tawaga layin da za ta ɗaga, bai zauna ba, bai sha ko ruwa ba.

Amma mitocin gidaje sun fi ba mu wahala. Masu kutsen sun aika wa na unguwanni biyu umarni su rufe kansu, don haka ko wuta ta zo bakin ƙofa ba ta shiga. Sai da aka bi su gida-gida, abin ya ɗauki kusan mako.

Ni kuma aikina shi ne in gano ta inda aka shigo. 'Yan sanda masu kula da laifin intanet suka zo daga Kitwe muka zauna tare. Ba mu daɗe ba muka ga sawun. A kusurwar ɗakin sarrafa wuta akwai wata kwamfuta ta rubuta rahoto, mai intanet. Makonni kafin ranar an buɗe wani bidiyo a cikinta, mai sunan waƙar coci. A cikin bidiyon aka ɓoye manhajar da ke kwashe duk abin da aka danna. Da ita suka sami kalmar sirrin Baba Nkweto, suka bi ta kafar nan ta masu gyara suka shiga har tsakiyar na'urorinmu.

Na roƙi 'yan sandan su bar ni in fara yi masa magana ni kaɗai.

Da rana tsaka na same shi a rumfar. Ya ga fuskata, ya fara tsokana, ya ce wane ne ya ƙwace mini ɓeran karin kumallo. Na zauna kusa da shi ban yi dariya ba.

"Shikulu, ka taɓa buɗe wani bidiyo a kwamfutar kusurwa?"

Ya ce, "Sau ɗaya ne. Na san kin hana. Namakau ce ta rera waƙar marigayiya da bakinta ta turo mini, ya ƙi buɗewa a wayata. Ta ce wayar ce tsohuwa, in gwada a kwamfuta. A can ma bai buɗe ba, allon ya ɗan yi ƙyaftawa kawai. Me ya faru?"

"Tana tambayarka game da aiki?"

"Kamar yadda mace ke tambaya. Yaushe nake shiga, yaushe nake fita, ko ni kaɗai ake bari ranar Asabar, don ta ce ba ta son ina zama ni kaɗai da hawan jinin nan…"

Nan ya tsaya. Na ga abin yana shigarsa a hankali, kamar ruwan sanyi a ƙafa. Ya zaro wayarsa ya danna lambar Namakau, ya sa a kunne. A kashe. Ya ce ai tun ranar Asabar take a kashe, ya ɗauka layin Botswana ne ke da matsala, har ya damu ko ba ta da lafiya.

Na gaya masa sauran, don ban ga amfanin in bar wani ya gaya masa ba. Hoton na wata malamar makaranta ce a Malawi, daga shafinta aka sata, ba ta san da zamansa a duniya ba. Babu wata Namakau a asibitin da aka ce. Tun farko ba shi ake nema ba, kujerarsa ake nema.

"Amma na ji muryarta, mbuya. Kullum. Mun yi addu'a tare. Ranar da marigayiya ta cika shekara biyu ita ta zauna da ni a waya ina kuka."

"Na sani, Shikulu."

"Wata shida. Wa zai zauna wata shida yana tambayar tsoho ko ya sha magani, don kawai ya kashe wutar Chibolwe?"

Na ce irinsu suna da haƙuri, sana'arsu ke nan. Bai yi kuka ba. Ya ɗora wayar a kan benci ya kife ta, ya zuba mata ido. Can ya tambaye ni, da ƙaramar murya, ko wani ya mutu a asibiti ranar. Na ce babu, janareto ya tashi. Bai yarda da ni ba sai da ya taka da ƙafarsa har asibitin ya tambayi babbar nas.

Magana ba ta ɓoyuwa a Chibolwe. Kafin ƙarshen mako direbobin tasi sun raɗa masa suna Angon Duhu. In ya wuce tasha sai wani ya ɗaga murya, "Baba, yaushe amarya za ta tare? A gaya mata ta zo da kyandir!" Aka dakatar da shi daga aiki har kwamiti ya zauna. Ya daina zuwa coci. Baƙin da ya shafa wa gashinsa ya fara zubewa, fari na fitowa daga ƙasa, bai aske ba, bai kuma sake shafawa ba.

Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai wata mata mai kiwon kaji a unguwar bayan kasuwa, mai suna Bana Mwila. Ta sayo 'yan tsaki kwana biyu kafin abin, fitilun lantarki ke ɗumama su, mitarta kuma na cikin waɗanda suka rufe. Sanyin Yuni ya kashe fiye da rabi. Baba Nkweto ya ji labari, ya ce sai ya je. Na hana shi, ya ƙi, sai na bi shi don na san bakin matar.

Tana shara muka shiga. Ya cire hularsa ya durƙusa a tsakar gidan, dattijo da shi.

"Mama, ni ne Nkweto na kamfanin wuta. Ta hannuna aka shiga aka kashe miki kaji."

Ta dogara da tsintsiya. "Au, kai ne angon? Kai ne ka bar matan garin nan kaf, zawarawa cike da coci, ka je ka auri waya?"

"Ni ne."

Ta zazzage shi tas. Ta kira shi tsohon banza, ta ce 'yan tsakin nan su ne makarantar 'ya'yanta. Bai ɗago ba. Da ta gaji ta tsaya tana haki, ta dube shi a durƙushe, sai ta ja tsaki.

"Tashi don Allah, kada gwiwarka ta riƙe a ce ni na karya ka. Ke kuma 'yar gabas, kin tsaya kina kallo, miƙo masa kujera mana."

Ta kawo mana munkoyo, kunun masara mai tsami, a kofi. Kafin mu tafi ya duba akurkin, ya ce zai haɗa mata murhun gawayi mai bututu wanda zai ɗumama su ko babu wuta. Ta ce ya fara haɗawa tukuna, ta gaji da alkawarin maza. Ya yi mako yana zuwa da tsohuwar ganga da guduma har ya gama.

Chansa ta zo daga Ndola a tsakiyar wannan. Ofis ta fara zuwa, kai tsaye teburina, doguwa kamar ubanta, idonta ja.

"Ke ce Mwanida? Ke kika tona wa mahaifina asiri garin nan ke masa dariya?"

Na ce ba ni na yaɗa ba, amma ni na gano, ni kuma na gaya masa. Ta ce da na rufe, wa zai sani? Na ce da na rufe, da yanzu yana can yana kiran lambar, yana tunanin matar na kwance a asibiti. Ta zauna a kujerar baƙi kamar an tura ta. Ta daɗe tana murza igiyar jakarta.

"Ranar Lahadi nake kiransa," ta ce. "Wani lokaci ma sai in tsallake. In ya fara zancen Mama sai in ce ina da mara lafiya, don ni ma ba na iya ji. Da na ga ya daina zancen, ya yi ƙiba, sai na ce ya warke."

Na ce ta je gida, babanta bai ci komai ba tun jiya. Da yamma na leƙa na same su a tsakar gida, tana tuƙa nshima tana yi masa faɗa a kan datti da ke kicin, shi kuma yana zaune a turmi yana tsinke ganyen kabewa kamar yaron da aka kama. Ta yi mako biyu a wurinsa. Ita ta aske masa kan.

Kwamitin ya zauna a ɗakin taro na sama. Manyan kamfani suna son a kore shi, don a samu abin gaya wa gari. Aka kira ni. Na faɗi abin da ya yi ba tare da na rage ba: ya karya doka, ya buɗe abin waje a kwamfutar aiki. Na kuma ce da kalmar sirrinsa kaɗai ba za su kai ga layukan wuta ba, sai da suka sami kafa a buɗe. Shugaban kwamitin ya tambaya wace kafa. Kafin in amsa Injiniya Siame ya miƙe.

"Ni za a tambaya wannan. Ta gaya mini a rufe, ba sau ɗaya ba, ni na ce a jira. In za a kori Nkweto saboda ya yarda da muryar da ta yi wata shida tana lallaɓa shi, to a fara da ni, don ni ba wanda ya lallaɓa."

Baba Nkweto, da tun shigowa kansa ke ƙasa, ya ɗago ya dube shi.

Ba a kori kowa ba. An rubuta wa Injiniya gargaɗi. Baba Nkweto kuma aka ɗauke shi daga ɗakin sarrafa wuta aka mai da shi sashen horar da sababbin ma'aikata. Ya ji zafin wannan ƙwarai, don kujerar nan ita ce rayuwarsa, amma bai yi gardama ba. A cikin wata guda aka yi duk abin da na shekara ina roƙo. Aka toshe kafar masu gyara, ba a buɗe ta sai da izini kuma ina zaune ina kallo. Aka fitar da kwamfutar kusurwa. Yanzu kalmar sirri kaɗai ba ta shigar da kowa, sai da wata lamba da ke canzawa a ɗan maɓallin da ke rataye a wuyanka, kuma ba mai kashe babban layi sai mutum biyu sun amince.

Da na shirya taron wayar da kan ma'aikata, ya zo ya ce in ba shi lokaci ya yi magana. Na ce ba dole ba ne, ya sha isasshen wulaƙanci. Ya ce in na tsaya ina nuna musu zane-zane a allo barci za su yi, kamar yadda shi ma yake yi.

Ya tsaya a gaban mutum sama da ɗari, da direbobi da masu shara da injiniyoyi. Yana cewa "Ni ne Angon Duhu," wuri ya ɗauki dariya da tafi. Ya bari suka gama. Sannan ya ba su labarin daga farko, da waƙar, da maganin hawan jini, da waken da ya koyi dafawa. Ya ce kada kowa ya zauna yana jiran ɓarawo mai baƙin fuska, nasa ya zo ne a lokacin da gida ya yi masa faɗi, ya tambaye shi abin da ba wanda ke tambayarsa. Ya ce wanda duk ya ga wani baƙo a waya yana son sanin lokacin aikinsa, ya zo ya faɗa, kunyar minti biyar ce, tasa ta gari guda ce. Da ya sauka ba wanda ya yi dariya.

Washegari wata mata daga sashen mitoci ta shigo ofishina ta turo ƙofa. Ta miƙo mini wayarta ba ta kalle ni ba. Wani ne wai injiniya a birnin Durban, wata uku suna hira, jiya ya turo mata wani abu ya ce ta buɗe a kwamfuta. Ba ta buɗe ba. Bayanta wasu biyu suka zo cikin makon.

'Yan sanda ba su kama kowa ba. Sawun ya bi ta ƙasashe da dama ya ɓace. Da suka gama bincike suka mayar wa Baba Nkweto wayarsa da suka karɓa, a cikin leda. Ya kawo mini ita ofis, ya ajiye a gabana.

"Goge mini su, mbuya. Na gwada, yatsan ya ƙi."

Na buɗe. Saƙonni ne ba iyaka, da muryoyi da aka naɗa. Na tambaye shi ko ya tabbata, ya ce eh, ya juya ya fuskanci taga. Na goge, na goge lambar, na fitar da shi daga zauren. Na ce an gama.

Bai juyo ba. Ya ce, "Kin san ina sa ta a addu'a?"

"Wa? Wadda ta yi maka wannan?"

"Wadda ta yi muryar. Ɗan sandan nan ya ce wani lokaci 'yan mata ake yaudara da aiki, a ƙwace musu fasfo, a kulle su a gida a ba su waya. Ta yiwu ita ma haka ne."

Na ce ta yiwu kuma ita ce shugabarsu. Ta yiwu ma ba mutum ba ce sam, na'ura ce aka koya wa magana, yanzu ana yin haka.

Ya kaɗa kai. "In na'ura ce, addu'ar ba ta ɓata komai ba. In kuma 'yar wani ce a kulle, to ba na son a ce babu mai yi mata."

Ya ɗauki wayar ya sa a aljihu. Ya yi shekara ɗaya da rabi a sashen horarwa kafin ya yi ritaya, yawancin waɗanda ke zaune a ɗakin sarrafa wuta yanzu ta hannunsa suka bi. Chansa ta so ya koma Ndola wurinta, ya ce birni hayaniya, sai dai ya riƙa zuwa yana kwana biyu yana ganin jikoki. Yana nan Chibolwe, ya koma cocinsa, yana kuma ƙera murhun kaji a ƙofar gida, masu saye har daga ƙauyuka.